Marigayi Malam Aminu Kano da Hanyar Ƙin Zalunci Ba da Makami Ba

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, ma'aikacin kotun alƙali ne, saboda haka tun yana yaro ya ga yadda ake shari'a. Ya sauke karatu a Kwalejin Kaduna a 1942, ya koyar a Midil ta Bauci, aka tura shi Ingila ƙaro ilmi a 1946. Bayan ya komo ya riƙe makarantar horon malamai ta Maru, a 1950 ya ajiye aikin. Malaman makaranta da ke karanta wannan sun san abin da ake nufi da mutum ya bar albashi a zamanin nan.

Hanyar da ya bi tana da asali mai nisa. A ƙasar Rasha an yi wani marubuci, Tolstoi, wanda ya yi aikin soja da ƙuruciya, daga baya ya juya wa yaƙi baya. A ganinsa kowace hukuma a kan ƙarfi take tsaye, watau soja da kurkuku da haraji. Maganinta kuwa ba bindiga ba ce, sai dai mutane su janye hannunsu: kada su shiga soja, kada su yi wa azzalumi aiki, kuma kada su rama duka. Ya yi fatan a wayi gari ba hukuma sam. Mahatma Gandi ya karanta littafinsa a Afirka ta Kudu, har suka yi ta musayar wasiƙu kafin Tolstoi ya rasu a 1910, sa'an nan ya gwada dabarar a kan Ingilishi a Indiya. Daga Gandi ne Malam ya ɗauka.

To, amma a nan suka rabu da Tolstoi, mu kuwa muna ganin wannan rabuwa ita ce abin lura. Malam bai nemi a rushe hukuma ba. Abin da ya nema shi ne talaka ya sami baki a cikinta. Manomin Rano ko na Kibiya ya san hanyar da kuɗinsa ke bi, daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, har baitulmalin En'e, ba kuwa mai tambayarsa ra'ayi. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, Malam ya zama shugabanta a 1953, ta koya masa ya ƙi aikin tilas, ya nemi rasit, ya tsaya gaban alƙali ba tsoro. An ɗaure da yawa, an yi wa waɗansu bulala. Ba duk mabiya ne suka iya haƙuri ba, don an sha gwabzawa da 'yan NPC, amma shi bai taɓa kiran a ɗauki makami ba.

Ya shiga Majalisar Wakilai a 1959, ya zama kwamishina a gwamnatin Gowon a 1967. A 1979 jam'iyyarsa ta PRP ta ci Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, aka binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya.