Alvin York, Soja Mai Tsoron Allah

Ya kai mai karatu, ko ka riga ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ko kuwa kana kan bincike tukuna, ga labarin wani mutumin Amurka wanda ya kamata ka sani. Mutanen ƙasarsa suna tunawa da shi saboda jaruntakar da ya nuna cikin safiya ɗaya. Mu kuwa muna so ka dubi yadda ya yi biyayya ga lamirinsa kusan shekara 50, gama a nan ne za ka sami abin koyi.

Ƙuruciyarsa da tubansa

An haifi Alvin York ran 13 ga Disamba, 1887, a Pall Mall, wani ƙauye cikin tuddan jihar Tenesi. Shi ne na uku cikin 'ya'ya 11. Ubansa maƙeri ne, manomi kuma, amma talauci ya yi musu katutu, har karatun da Alvin ya samu duka bai wuce na wata 9 ba. Tun yana yaro ya gwanance da harbi, gama da farauta ake samun nama a gidansu.

A 1911 uban ya rasu, nauyin gida ya faɗo a kansa. Ya yi ƙwadago a hanyar jirgin ƙasa, ya yi saran itace. Amma in an biya shi lada sai ya nufi gidan giya, ya sha, ya yi caca, ya yi faɗa. Uwa tasa mai ibada ce, ba ta fasa yi masa faɗa da addu'a ba. Ran 1 ga Janairu, 1915, a wurin wani taron wa'azi, maganar Allah ta soke shi a zuci. Ya tuba, ya bar giya da caca da zagi. Ya shiga wata ƙaramar ikkilisiya, ya zama mai ba da waƙa da mai koyar da yara ran Lahadi. Ka lura, ya kai sabon mai bi: maƙwabtansa ba su bukaci a gaya musu ya tuba ba, gama sun gani da idonsu.

Kiran yaƙi

A lokacin nan Yaƙin Duniya na Farko yana ci, wato yaƙin nan da sojojin Nijeriya suka yi da Jamus a Kamaru da Gabashin Afirka. Amurka ta shiga ran 6 ga Afrilu, 1917. Sojojinta kaɗan ne, saboda haka hukuma ta kafa dokar ɗaukar soja tilas. Ran 5 ga Yuni kusan mutum miliyan 10, 'yan shekara 21 zuwa 30, suka rubuta sunayensu. A gidaje aka keɓe ranakun da ba a cin nama da waɗanda ba a cin alkama, domin a aika da abinci ƙetare. Talakawa da attajirai suka ba gwamnati rancen kuɗi. Kafin a gama yaƙin sojojin Amurka wajen miliyan 2 sun haye teku zuwa Faransa.

York ya rubuta sunansa, amma zuciyarsa ta rabu biyu. Yana ƙaunar ƙasarsa, ga shi kuwa ya karanta cikin Littafi Mai Tsarki an hana kisankai, ikkilisiyarsa ma haka take koyarwa. Ya roƙa a ɗauke masa, hukuma ta ƙi. A watan Nuwamba aka kai shi barikin Gordon a jihar Jojiya.

Ga abin da ya yi. Bai gudu ya ɓuya cikin tuddai ba, ko da yake ya san kowane lungu nasu. Bai kuwa yi shiru da nufin ya yaudari shugabanninsa ba. Ya je ya faɗa musu damuwarsa a fili. Kyaftin Danforth da Manjo Buxton, su ma masana Littafi ne, suka zauna da shi, suka buɗe ayoyi, yana kawo nasa, suna kawo nasu. Daga baya aka ba shi hutun kwana 10. Ya koma gida, ya hau dutse shi kaɗai, ya daɗe yana addu'a. Ya sauko da tabbaci a ransa cewa ya halatta ya tafi, Allah kuwa zai kiyaye shi.

Kada ka ɗauka kowane mai bi na gaskiya a nan ya tsaya. Akwai waɗanda suka bincika Littafin nan, suka ƙi taɓa makami sam, har waɗansunsu suka sha ɗauri. A Yaƙin Duniya na Biyu wani Ba'amurke, Desmond Doss, ya tafi fagen fama ba bindiga, ya zama mai jiyyar masu rauni, ya ceci mutum wajen 75 a tsibirin Okinawa a 1945. Abin da ya haɗa su da York shi ne, dukansu sun kai shakkarsu gaban Allah, suka bi hasken da aka ba su.

A dajin Argonne

Ran 8 ga Oktoba, 1918, ana tsakiyar babban farmakin da aka yi a dajin Argonne na Faransa, inda Amurkawa fiye da 26,000 suka mutu. Aka aiki mutum 17 su zaga ta bayan Jamusawa, York yana cikinsu, yana kofur. Suka kama waɗansu ba zato, amma bindigogi masu jigida da ke kan tudu suka juyo kansu. Nan take 6 suka mutu, 3 suka yi rauni, har da sajensu. Jagoranci ya koma hannun York. 'Yan'uwansa 7 suna tsaron kamammu suna mai da wuta, shi kuwa ya fuskanci tudun, yana harbi yana kiran Jamusawa su ba da kai, domin kada a ƙara zubar da jini. A ƙarshe hafsansu ya sallama. York da mutanensa suka komo da fursunoni 132.

Aka mai da shi saje, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta Amurka. Amma bai yi fahariya ba. Da shugabanni suka tambaye shi yadda abin ya yiwu, ya mai da girman ga ikon Allah. Ya yi addu'a domin waɗanda suka mutu, har da Jamusawa.

Jarabar suna

Sa'ad da ya komo gida a 1919, sai wata jaraba ta tarye shi. Masu wasan kwaikwayo da 'yan kasuwa suka zo da kuɗi mai yawa domin su yi ciniki da sunansa. Ka tuna matalauci ne. Duk da haka ya ƙi, gama bai ga ya dace ya ci riba daga ranar da mutane suka mutu ba. Ya koma ƙauyensu, ya auri Gracie Williams ran 7 ga Yuni, ya kama noma.

Sunan nan da ya ƙi sayarwa, shi ya yi amfani da shi domin 'ya'yan talakawa. Ya zaga ƙasa yana roƙon taimako, har aka buɗe makarantar aikin gona a Jamestown a 1929. Da kuɗi ya ƙare, ya jinginar da gonarsa domin makarantar. Sai bayan shekara 20 da ɗoriya ya yarda aka yi fim da labarinsa, wanda ya fito a 1941, ya kuwa sa daga cikin kuɗin ya gina makarantar Littafi Mai Tsarki. Da Amurka ta sāke shiga yaƙi ya nemi komawa soja, aka ƙi saboda tsufa da rashin lafiya, sai ya riƙa ziyartar barikoki yana ƙarfafa samari.

Ƙarshen kwanakinsa ba na hutu ba ne. Bashin haraji ya dame shi shekaru, sai da jama'a suka tara kuɗi aka biya. Shanyewar jiki ta kwantar da shi tun daga 1954. Ya rasu ran 2 ga Satumba, 1964, yana riƙe da bangaskiyarsa.

Kai fa?

Watakila ba za a kira ka yaƙi ba, amma ranar shakka za ta zo maka, a gona, ko a kasuwa, ko a gaban mai mulki, ko cikin danginka. A ranar nan kada ka gudu, kada kuwa ka yi munafunci. Faɗi gaskiyar abin da ke ranka, buɗe Littafi tare da dattawan ikkilisiya, durƙusa ka roƙi Ubangiji. In kuwa Allah ya ɗaukaka ka, ka tambayi kanka wa zai amfana da ɗaukakar. York bai fara da jaruntaka ba, da tuba ya fara. Mai Ceton da ya karɓi mashayin nan na Tenesi yana shirye ya karɓe ka yau. Allah ya ba mu zuciya mai gaskiya. Amin.