Malam Aminu Kano da Rigimar Zaɓen 1979

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, a gidan malamai na Gyanawa. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Bauci inda ya shaƙu da Sa'adu Zungur, ya ƙaro ilimi a Landan, sannan ya bar aikin malanta daga Maru ya rungumi NEPU, wadda aka kafa a 1950.

Siyasar ƙauye a lokacin ba ta birni ba ce. A ƙasar Gwarzo, hakimi shi ne Sarkin Dawaki Mai Tuta Bello Dandago, jigo a NPC kuma ɗan majalisar tarayya, don haka talakan da ya zaɓi NEPU yana jayayya ne da mai karɓar harajinsa. Malam ya ci kujerar Kano ta Gabas a 1959, ya rasa ta a 1964. Duk da haka ya shiga gwamnatin Gawon a 1967, ya zauna teburi ɗaya da abokan hamayyarsa na jiya.

Zaɓen 1979 ne ya fi gwada shi. PRP ta cinye jihar Kano, kuma soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi ya sauke wa manoman Gwarzo da Kabo nauyin da NEPU ta daɗe tana kuka da shi. Amma a Kano ɗin ne rigimar ƙasa ta taso. Shehu Shagari ya sami rubu'in ƙuri'u a jihohi 12 daga cikin 19, a Kano kuwa bai cika kashi 20 cikin ɗari ba. Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari nasara. Malam bai bi masu ƙin gwamnatin ba. Ya zaɓi hamayya mai barin ƙofar magana a buɗe, kuma mai nazari zai iya ganin darasin 1964 da yaƙin basasa a cikin wannan matsayi.

Sassaucin ya jawo masa asara a gida. Rimi da Balarabe Musa suka ci gaba da zama da gwamnonin hamayya, aka kore su daga jam'iyya a 1980, PRP ta dare gida biyu: Taɓo ta Malam, Santsi ta gwamnoni. A nan akwai abin tuhuma, domin wanda ya iya lallashin abokin gaba ya kasa riƙe almajiransa. Tarzomar 10 ga Yuli 1981 ta ci ran Dokta Bala Muhammad.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, ana shirin wani zaɓen. Bayan wata huɗu Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da Rimi. Gidansa na Mumbayya a Gwammaja yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero.