Oskar Barnack, Maƙerin Ƙaramar Kyamara

An haifi Oskar Barnack a ƙauyen Lynow na ƙasar Jamus a shekarar 1879. Tun yana saurayi ya koyi ƙera ƙananan na'urori. Ya yi aiki a kamfanin Zeiss da ke Jena, sannan a 1911 ya koma kamfanin Leitz na garin Wetzlar.

Barnack yana son ɗaukar hoto ƙwarai, amma yana fama da ciwon asma. Kyamarorin zamaninsa kuwa kaya ne jingim: babban akwati, da ƙafafu uku na katako, da allunan gilashi masu nauyi. Mai ciwon ƙirji ba zai yi nisa da irin wannan kaya ba. Saboda haka ya yi shawarar ƙera kyamarar da za ta shiga aljihu. Ya yi amfani da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35, wanda ake ɗaukar hoto ƙarami a kansa, daga baya a faɗaɗa shi a takarda. Ya gama ta farko wajen 1914, sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya dakatar da aikin.

Abin da ya fi nuna basirarsa shi ne ƙofar haske. A cikin kyamarar akwai labulen ƙyalle wanda ke giftawa a gaban fim da sauri, haske ya shiga ta tsagarsa. Ta farkon tana da aibi: dole mai hoto ya rufe gilashin gaba kafin ya juya fim, in ba haka ba haske ya ɓata hoton. Barnack ya gyara wannan da labule biyu masu bin juna, waɗanda ke haɗewa su toshe tsagar da kansu. A 1925 aka fito da kyamarar a kasuwar baje koli ta Leipzig da sunan Leica. 'Yan jarida suka karɓe ta hannu bibbiyu.

Barnack ya rasu a 1936. Har yau akwai kyamarorinsa masu aiki, domin ba batir a cikinsu, sai ƙarafa da ƙyalle. Idan ɗaya ta daɗe a ajiye, man da ke cikinta yakan bushe ya yi danƙo, labulen ya riƙa maƙalewa. Bai kamata a tilasta masa ba, don yana iya yagewa. Mai gyara yakan kwance ta, ya wanke tsohon man, ya ɗiga sabo kaɗan, ya daidaita saurin labulen, in kuma ƙyallen ya huje ya sa wani.