Wali Ɗan Marina, malamin Katsina da ƙasidunsa suka zama shaidar tarihi

A cikin malaman da suka ɗaukaka sunan Katsina a ƙarni na 17, da wuya a sami wanda jama'a suka riƙe sunansa kamar Wali Ɗan Marina, malami kuma mawallafin ƙasidu da harshen Larabci.

Sunansa na yanka Muhammadu, a littattafai kuma ana kiran sa Ibn al-Sabbagh al-Kashinawi. Kalmar al-Sabbagh na nufin marini, wato dai ma'anarta ɗaya da laƙabinsa na Hausa.

Ya rayu ne a zamanin da Katsina ke gogayya da Kano a harkar fataucin Sahara, lokacin da ayarin raƙuma ke shigowa birnin da hajja da littattafai da kuma baƙin malamai.

Hikayar haihuwarsa

Katsinawa na lissafa shi cikin waliyyan birnin, tare da Ɗan Masani da Ɗan Takum.

Wata hikaya da ta shahara a bakin jama'a na cewa mahaifiyarsa ta rasu tana ɗauke da cikinsa, aka haife shi a cikin kabari, daga bisani wani mai marina ya tsince shi ya rene shi.

Irin waɗannan labarai na karama su ne suka fi yawo a gari. Sai dai abin da ya rage na rubuce-rubucensa yana nuna mutum ne da ya ƙoshi da karatu, wanda kuma idonsa ke kan al'amuran zamaninsa.

Rubuce-rubucensa

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a littafinsa Infaƙul Maisuri, inda ya yaba zurfin iliminsa, ya kuma ce ya yi sharhin Ishiriniya, ƙasidar yabon Manzon Allah ta Alfazazi, wadda har yau ake rerawa a ƙasar Hausa, musamman a watan Mauludi.

A wata ƙasidar mai suna Mazjaratul Fityan, ya gargaɗi matasa su guji saɓo su rungumi neman sani, ya kuma jero fannonin da ake karantawa, irin su fiƙihu da tafsiri da hadisi da nahawu. Masana na dogara da ita wajen gane manhajar karatun zaure na wancan lokaci.

Ya kuma yi ƙasidar taya Mai Ali na Barno murnar nasarar da ya yi kan Kwararrafa, mayaƙan da suka addabi Kano da Katsina da hare-hare a ƙarnin. Wannan ya nuna yadda malaman Katsina ke kallon Barno a matsayin garkuwar Musulmi a yankin.

Takardar da ta gyara lissafi

An daɗe ana ambaton 1655 a matsayin shekarar rasuwarsa.

To amma a cikin tarin takardun Malam Umaru Falke, wani malami ɗan kasuwa na Kano, da ke ajiye a Jami'ar Northwestern ta Amurka, an gano wata ƙasida da Ɗan Marina ya yi wa Sarkin Katsina Karyagiwa, yana yaba masa kan hukunta wani da ya yi da'awar annabci.

Ƙasidar na ɗauke da shekarar 1070 bayan Hijira, daidai da 1659, abin da ke nuna yana raye bayan shekarar da aka saba faɗa. Hamidu Bobboyi da John Hunwick ne suka buga ta tare da fassara a 1991.

Abin da ya bari

Fitaccen ɗalibinsa shi ne Muhammadu Ɗan Masani, wanda aka haifa a 1595 ya rasu a 1667. Shi ma ya yi wa Ishiriniya sharhi, ya kuma yi rubutu kan ƙasar Yarabawa. Unguwar Masanawa a Katsina daga gare shi ta samo suna.

Kabarin Ɗan Marina na cikin birnin Katsina, a makabartar da ake kira Ɗanmarna, inda aka binne shugaban Najeriya Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010.

Jama'a na ziyartar kabarin har yau, yayin da ƙasidunsa kuwa ke hannun 'yan tsirarun masana da ɗakunan ajiyar tsoffin takardu, a gida da waje.