Dennis Ritchie: Mutumin da ya raba sitiyari da inji

An haifi Dennis Ritchie a 1941 a jihar New York ta Amurka. Bayan karatu a Harvard, ya kama aiki a Bell Labs a 1967. Can shi da Ken Thompson suka gina Unix. Ya ƙirƙiro yaren C, a 1973 suka sake rubuta kanel ɗin Unix da shi, wato zuciyar da ke raba wa manhajoji aiki.

Abin da ya fi burge ni dabararsa ce ta setuid: mai amfani zai canza kalmar sirrinsa ba tare da an damƙa masa makullan gidan duka ba. Kamar tarakta ce a gonar Malumfashi, direba na da sitiyari, buɗe inji kuwa sai makaniki.

Linux ɗin da ke wayar dillalin masara a Funtua ma da C aka rubuta shi, kuma a jerin saitinsa akwai zaɓin da ba ya bayyana sai ƙwararre ya kunna.

Ya rasu a Oktoban 2011. Mu masu haɗa furojet, mu ɓoye maɓallin da zai goge wa manomi lissafinsa.