AKAWUN DA YA ZAMA GWANIN WASAN SINIMA

A yau za mu ba masu karatu labarin Barry Fitzgerald, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya shekara goma sha takwas yana aikin akawu kafin duniya ta san sunansa.

An haife shi a birnin Dablin ran 10 ga watan Maris, 1888. Sunansa na yanka William Shields. A cikin 1911 ya shiga aikin Gwamnati, aka ba shi ƙaramin akawu. To, ashe zuciyarsa tana wajen wasan kwaikwayo. Da rana yana ofis bisa tebur, da dare kuwa sai ya nufi gidan wasan Abbey. Don kada manyansa su gane, shi ya sa ya ari sunan nan da muka san shi da shi.

A 1924 ya fito cikin wasan da Sean O'Casey ya rubuta, watau Juno and the Paycock, mutanen Dablin suka sallama masa. Duk da haka bai yi garajen barin albashinsa ba. Sai a 1929, yana da shekara 41, bayan ya tabbata wasan zai ci da shi, sa'an nan ya ajiye alƙalami.

A 1936 John Ford, mai shirya sinima, ya kai shi Amurka. Shi dai gajere ne, ba kuma kyakkyawa ba, amma da ya buɗe baki sai dariya ta kama kowa. Cikin sinimar Going My Way ta 1944 ya fito tsohon fada na Katolika, alhali shi ba ɗan Katolika ba ne. Wannan ya jawo masa kyautar Oscar a 1945. An sa sunansa takara a aji biyu, na babban ɗan wasa da na mataimaki, duk saboda fitowa guda, abin da ya sa aka sake doka don kada a kuma. Har wa yau ya fito cikin The Quiet Man a 1952.

Ya rasu a Dablin cikin watan Janairu, 1961, bai taɓa aure ba.

Jama'a, akawuna da malaman makaranta, abin lura a nan shi ne, mutumin nan bai yar da aikin da ke ci da shi ba, bai kuwa binne baiwarsa ba. Ya riƙe duka biyu har lokaci ya yi. Sannu ba ta hana zuwa.