Eugène Jamot, malamin makarantar da ya bi ciwon barci har gida

Ni malamin makaranta ne, shi ya sa tarihin wannan Bafaranshen ya ja hankalina: shi ma da alli ya fara. An haifi Eugène Jamot a 1879 a yankin Creuse na Faransa. Ya koyar a Aljeriya, daga baya ya karanta likitanci a Montpellier, ya shiga aikin likitan soja a 1910.

A lokacin ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, yana share garuruwa a Afirka. Likitoci kuwa suna zaune a asibiti suna jiran marar lafiya. To, wanda barci ya riga ya kayar, wa zai ɗauko shi tafiyar kwana uku? Jamot ya ce a'a, likita ne zai tashi ya je.

Daga 1917 a Ubangi-Shari, sannan a Kamaru daga 1922, ya riƙa fita da ayari ƙauye-ƙauye. Mai gari ya tara mutane, a lalubi wuyan kowa ana neman kaluluwa. In an ji ta kumbura, a tsotsi ruwanta da allura a duba a madubin likita, a rubuta suna, a fara magani nan take. Abin da ya fi burge ni shi ne masu wannan aikin yawancinsu samari ne 'yan ƙasa da ya horar a Ayos, kowa da abu guda da ya ƙware a kai. Ba digiri, amma idonsu ya fi na asibiti nisa.

Sai dai fa ba da lallashi ake tara mutanen ba, zamanin mulkin mallaka ne, wanda ya ƙi fitowa ya san sauran. Kuma a Bafia wani matashin likita da ke ƙarƙashinsa ya ninka maganin tryparsamide, ɗaruruwan mutane suka makance. Laifin ya faɗa kan Jamot, aka raba shi da Kamaru a 1931. A ganina, ko ba shi ya yi allurar ba, tsarin da ba ya jin kukan talaka nasa ne.

A 1932 aka tura shi Wagadugu ya duba Afirka ta Yamma, inda arewacin Dahome yake cikin wuraren da cutar ta yi katutu. Ya gano dubban masu ciwon, manyan gwamnati ba su ji daɗin alƙaluman ba.

Mu nan Parakou da Djougou zancen bai tsufa ba. Zazzaɓin Lassa ya ɓulla a Tanguiéta a 2014, ya sake ɓulla a Tchaourou a 2016. Irin wannan cuta, kafin likita ya ji labari, ungozoma da mai wankan gawa da malamin da ya ga benci uku babu yara sun riga sun sani.

Jamot ya koma garin Sardent da ɓacin rai, ya ci gaba da duba talakawan karkara, ya mutu a 1937. Sai a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa ciwon barci ya daina zama barazana ga lafiyar jama'a a Benin.